Kaburbura Bakwai a Gonar Rake

Tun da aka mayar da tsohuwar gonar raken Turawa wurin tarihi, Asibi ce ke buɗe ƙofa. Wurin yana can bayan Dei-Dei, inda kwalta ta ƙare. Akwai gidan dutse mai dogon baranda, da injin matse rake da tsatsa ta cinye, sai manyan tukwanen ƙarfe uku. Mahaifinta, Yamusa, ya shekara goma sha ɗaya yana hura wutar tukwanen nan. Ita kuma yanzu ta haura sittin. 'Ya'yanta duk sun koma Kubwa, ta ƙi bin su.

Ranar bikin buɗewa an cika wurin da motoci da 'yan jarida. Daga nan sai shiru. Wani satin ko mutum ɗaya ba ya leƙowa. Duk da haka kullum sai ta share baranda, ta kwashe ruwan saman da ya taru a tukwanen, ta zauna kan benci tana jin ƙugin tireloli daga nesa.

Wata Laraba da hantsi, wata mata ta sauko daga acaɓa. Ta ce sunanta Bilqis, malamar makaranta ce a Mararaba. Ta daɗe tsaye gaban allon tarihin wurin, mai ɗauke da sunan Baturen da ya kafa gonar da shekarar da ya kafa ta.

"Mama, babu sunayen leburori?"

"Ba su rubuta ba. Wa kike nema?"

"Kakana, Abdulmajeed. Daga Malumfashi ya zo yankan rake, kakata na da cikin babana. Bai koma ba. Har ta rasu tana cewa wata ya aura a nan ya manta da su."

Asibi ta gyara ɗaurin zaninta.

"Babana yana yawan maganar wani Majidu na Malumfashi, wai shi ke ba da waƙa in ana yanka. Ciwon ciki ya kwashe su su bakwai a damina ɗaya. Amma ba zan rantse miki cewa shi ne ba."

Ta shige gaba, Bilqis na biye, suka ratsa ta cikin raken da ya tsiro da kansa har gindin wata ɗorawa. Kaburburan sun kusa shafewa, duwatsu kawai suka rage a jere. Babu ciyawa ko ɗaya a kansu. Yamusa ba Musulmi ba ne, amma shi ya yi ta nome su har ƙarfinsa ya ƙare, sannan 'yarsa ta karɓa.

"Wanne ne nasa?"

"Ban sani ba, 'yata. Baba ma ya rikice kafin ya mutu."

Bilqis ta cire takalmi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana addu'a. Asibi ta koma gefe ta sunkuyar da kai har ta gama.

Da suka dawo baranda, Asibi ta fere mata rake. Suka yi ta hira har bayan la'asar. Sunaye huɗu kawai Asibi ta iya tunawa cikin bakwai, Bilqis ta rubuta su a waya. Ta ce za ta kawo babanta in ƙafarsa ta yi sauƙi.

Wata biyu Asibi tana ɗaga kai duk lokacin da ta ji ƙarar babur. Ran nan sai waya ta shigo. Bilqis ce, muryarta a dishe. Ta ce babanta ya rasu ranar Lahadi, amma ta riga ta ba shi labarin, kuma sau uku ya sa ta maimaita masa.

Asibi ta yi mata gaisuwa, ta ajiye wayar. Babu wanda za ta faɗa wa a wurin. Sai ta ɗauki fartanya ta nufi gindin ɗorawa, ta tsaya a tsakiyar duwatsun.

"Majidu, in kana cikinsu, ɗanka ya taho. Namiji aka haifa maka."

Ta ɗan jima a tsaye, sannan ta duƙa ta fara cire ciyawar da ruwan jiya ya fito da ita.