Gayyatar Wofa Boadu

"Ai ya shiga cocin nan da ba sa Kirsimeti," in ji Kwarteng direba, yana ɓare gyaɗa a kan teburin taro. "Kowa ya sani. A cire shi kawai, mu huta."

Madam Konadu ta ɗago kai daga atamfar ankon da take ninkewa. Ita ce sakatariyar ofishin sayen koko, wanda ake yin cakulan da shi, da ke bayan tasha a Sunyani, ita ce kuma shugabar kwamitin bikin Kirsimeti tun zamanin da ake buga takarda da tafireta. Su uku ne a kwamitin: ita, da Kwarteng, da Dufie mai karɓar baƙi. An gama maganar rumfa da kujeru, an gama ta akuya, an yi rigima a kan mai sa kiɗa har an shirya. Saura Wofa Boadu, dattijon da ke kula da sito, wanda zai ajiye aiki a ƙarshen wata. Manaja ya ce in zai zo bikin, a yi masa ban kwana a gaban kowa, da jawabi da kyauta. In ba zai zo ba, a ba direba agogon bango ya kai masa gida, shi ke nan.

"Wane coci ne?" Konadu ta tambaya.

"Oho. Irin na masu fararen kaya ɗin nan, ina ji."

"Ka gan shi ya shiga?"

"Haba Madam, ni ɗan sanda ne? Dufie ce ta gaya mini."

Dufie ta ajiye wayarta. "Ni? Kwarteng, ji tsoron Allah. Ni cewa na yi akwai abin da ya hana shi zuwa. Kai ka ɗora masa coci."

"To me zai hana mutum cin akuyar kyauta in ba coci ba?"

Konadu ta daɗe a duniya, ta san cewa abin da kowa ya sani, galibi ba wanda ya gan shi da idonsa. Ta juya ga yarinyar. "Ke kuma a wurin wa kika ji?"

Dufie ta dube ta da mamaki. "A wurinki mana, Madam. Shekarar da na fara aiki. Na ce a sa Wofa a cikin masu anko, kika ce in ƙyale shi, akwai abin da ya hana shi."

Kwarteng ya fashe da dariya. "Ashe kura tana cikin gida!"

Konadu ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da ninke atamfar da ta riga ta ninke.

Ta tuna. A shekarar ce matar Wofa, Anti Pomaa, ta rasu, ana saura wata biyu Kirsimeti. Pomaa ce take dafa wa ofishin jalof da miyar akuya kowace shekara, da tukwanenta, ba ta yarda kowa ya taɓa mata ludayi. Wofa ya sa baƙi, kuma mai baƙin kaya ba a kiransa wurin kiɗa. Wannan kam Konadu ta yi daidai, ko a gaban wa za ta faɗa.

Shekara ta biyun ce take cizon ta. A ofishin nan yara a waya ake sanar da su, amma dattijo sai shugabar kwamiti ta taka da ƙafarta har ƙofarsa, ta tsaya, ta gayyace shi da bakinta. A shekara ta biyu Wofa ya cire baƙi. Konadu ta tashi za ta sito, ta kai tsakiyar fili inda ake shanya koko, sai ta tuna dole ta gaya masa an ɗauki wata mai girki, wata daga Berekum da kowa ke yabon hannunta. Ta tsaya. Ta ce gobe. Ta juya. Da shekara ta uku ta zo, maganar coci ta riga ta zaga ofishin, ita ma ta ji, ta kuma yi shiru, don maganar ta ɗauke mata nauyin tafiya.

"Ina zuwa," ta ce, ta miƙe.

Filin shanya ya yi mata tsawo. Ta tarar da Wofa Boadu zaune a bakin sito, yana ɗinke bakin wani buhu da basilla, tabarau a kan hanci.

"A'a! Konadu a sito? Yau za a yi ruwa."

"Wofa, ina wuni."

"Lafiya lau. Jawo benci. A kula, ƙafarsa ɗaya 'yar adawa ce."

Ta zauna a gefe guda. Ta tambayi gwiwarsa, ta tambayi 'yarsa Ampofowaa da ke aure a Techiman, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, har ta rasa wanda za ta tambaya.

"Wofa, an ce ka canza coci."

Ya sauke tabarau ya dube ta. "Ni? Na koma ina?"

"Wai inda ba sa Kirsimeti."

Ya yi dariya har ya yi tari. "Wannan aikin Kwarteng ne. Bakinsa ya fi motarsa gudu. Ni da nake jan waƙar Kirsimeti a cocinmu tun kafin a haifi uwarsa? Ki zo ranar Lahadi ki ji, muryar ta tsufa amma ba ta mutu ba."

Konadu ta gyara zama. Ta san amsar, amma ta yi tambayar, kamar mai danna ƙurji.

"To me ya sa ba ka zuwa bikin?"

Ya mayar da basilla cikin buhu, ya ja zare, ya ɗaure.

"Wanda ya cire baƙi ba ya kai kansa wurin kiɗa, Konadu. Zuwa ake yi a ɗauko shi. In ya je da kansa, a ce dama jira yake ƙasar kabari ta bushe."

"Da ka aiko a tuna mini."

"In aiko in ce a gayyace ni?"

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Ranar bikin kana gida ke nan?"

"Ina nan. Ranar aiki ce ai. Nakan sa farar rigata, in bar ƙofa a buɗe." Ya faɗa ba tare da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin farashin taki. "Ana jin kiɗan sosai daga nan. Mai kiɗan bara bai iya ba, ku canza shi."

Ta miƙe tsaye, ta gyara zaninta, ta sa hannuwa a baya yadda ake yi.

"Wofa Boadu, ofis na gayyatarka bikin Kirsimeti ranar Juma'a ta sama. Muna so mu yi maka ban kwana a gaban kowa."

Ya saurare ta har ta kai ƙarshe, bai katse ta ba.

"Na gode, kin kyauta. Sai dai Ampofowaa za ta zo ta tafi da ni ranar Alhamis. Ta ce ba zan jira ƙarshen wata a sito ba. Na riga na amsa mata, ta gaya wa surukanta, har an yi alkawarin yanka mini kaza." Ya jawo wani buhu. "Mai girkin nan ta Berekum, tana sa citta a miyar?"

"Tana sawa."

"To madalla. Pomaa kullum cewa take ba ku san citta ba."

Da ta koma ɗakin taro, Kwarteng ya gama gyaɗarsa, Dufie na rarraba atamfa kashi-kashi.

"To Madam," in ji Kwarteng, "wane cocin ne? Na faɗa ko ban faɗa ba?"

Konadu ta ja kujera ta zauna.

"Cocinsa na nan inda yake," ta ce. "Yana sito kowace shekara yana jira. Ni ce ban je na kira shi ba."