Doyar Mai Tsaron Gida

Busasshiyar laka tana nan a kafaɗar rigar Falalu tun jiya, bai kankare ta ba. Yana tsugune a ƙofar ɗakinsa a unguwar Uwani yana naɗe tabarma, don an ce yau jirgin ƙasa zai kwashe 'yan Arewa daga Inugu.

Dako yake yi a kasuwar Ogbete. Ran Asabar kuma shi ne mai tsaron gida na ƙungiyar ƙwallon wata coci a unguwar, shi kaɗai Musulmi a cikinsu. Mista Nwankwo, malamin makarantar da ke horar da su, maganarsa kullum ɗaya ce: wanda ba zai ba da zuciyarsa duka ba, ya zauna a gida.

Jiya suka buga wasan ƙarshe na kofin bikin girbi. Tun safe gari ya ɗauka cewa jirage na sauke Ibo da suka tsere wa kashe-kashen Arewa, wasu da raunuka. Ana dab da tashi aka ba abokan karawarsu fenariti. Wanda zai buga kuwa, an ce wansa bai sauko daga jirgi ba. Falalu ya dubi yadda ya dasa ƙafa, ya san ɓangaren dama zai aika ƙwallon. Ya waiwayi mutanen da suka cika bayan raga, kowa ya yi tsit, idanu a kansa. Sai ya faɗa hagu. Kofin ya tafi.

"Gola! Tashi ka sauke ni, wuyana zai karye!"

Mama Obiageli ce, matar Mista Nwankwo, da kayan cocinta da ƙaton daro a ka, tana taku kamar har yanzu ana kiɗa. A Jos aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ruwa. Falalu ya sauke daron. Doya ce manya-manya, da garin rogo, da dafaffen ƙwai.

"Mama, wannan ai na girbin coci ne."

"Na kai shi gaba, na yi rawa da shi, Allah ya gani. Yanzu na kawo wa mai ci. Kada ka ɓata mini rai, mu a wurinmu kyautar da aka miƙa da murtukakkiyar fuska ba ta shiga. Ka ga haƙorana?" Ta washe su duka.

"Ba mu ci kofin ba, Mama."

"Kofi! Dafa shi ake yi? Maigida tun jiya labarinka yake bayarwa. Ya ce yaron nan ya watsa kansa ƙasa kamar buhun masara, bai tausaya wa ƙashinsa ba. A irin ranar nan! Ya ce da sauran malalatan suna da rabin zuciyarka, da kofi na gidanmu."

Falalu ya sunkuyar da kai. "Ƙanwarki ta Jos fa? An ji labari?"

Hannunta ya tsaya a kan doya. "Shiru tukuna," ta ce. Sai ta shiga jera doyar. "Wannan babbar ka kai wa innarka, ka ce daga wata mahaukaciya a Inugu."

"Mama, ƙwallon nan ta jiya..."

"Ta wuce, ɗana. Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ba ya bin ƙwallo da ido."

Maƙwabta suka fara leƙowa. Ta hango Delu mai tuwo, ita ma da ƙullin kayanta, ta ɗaga murya. "Delu, zo ki karɓi ƙwai! Ke da kika sha cutata da miya ba nama!" Delu ta zo tana dariya tana share ido da bakin zane, suka rungume juna, Mama Obiageli tana gaya mata irin faɗuwar da Gola ya yi.

Falalu ya saɓa tabarmarsa. Ya tsaya a bayansu, ya buɗe baki zai ƙarasa maganar ƙwallon, ya fasa. Sannan ya raɓa ta gefen daron bai ɗauki ko doya ɗaya ba, ya bi lungun da ke fita hanyar tasha.