Gawar Hammadu Tana Gindin Dutse

"Ki ɗan ɗaga bokitin, fuskar Alhaji ba ta fito ba," in ji mai ɗaukar hoto.

Rabi'atu ta harare shi, sannan ta dubi sauran matan da aka fito da su daga ɗakin takaba aka jera a filin garin Dauran, kowace da kyautar bokiti mai hoton Alhaji Muttaka. Tun hantsi ake ta jawabi, ba wanda ya taɓo abin da ya kawo ta.

*

Makon jiya ne Alhajin, mai neman kujerar siyasa, ya tara 'yan sa-kai ya ce a je a fatattaki 'yan bindigar da suka kafa sansani a kan dutsen gabas. Har rantsuwa ya yi cewa motocin yaƙi na tafe bayansu. Mijinta Hammadu ya jingine fartanya, ya saɓa bindigar toka, ya bi sahu.

A ƙasa suka tafi, ta cikin fili fetal, babu ko kututturen da mutum zai raɓa. Na saman dutse suka ƙyale su sai da suka matso, sannan suka buɗe wuta. Ko mota ɗaya ba ta zo ba. Masu sauran kwana suka dawo da jan ciki. Hammadu da sauran suna nan inda suka faɗi.

*

Da Alhaji ya iso gabanta yana murmushi, ta dire bokitin.

"Ranka shi daɗe, yaushe za a ɗauko muna su?"

"Haƙuri, baiwar Allah. Mijinki jarumi ne."

"Tun safe nike jin haka. Shi jarumi ba a yi mai sutura? Ba a yi mai salla?"

"Ana duba lamarin."

Wanta Zubairu ya ja mata mayafi. "Ke Rabi, gaban mutane?"

"Ai gaban mutane aka tura su, Yaya!"

Alhaji ya riga ya wuce. Lasifika ta ci gaba da kirari.

*

A gida ta tarar da surukarta zaune a tsakar gida, likkafani a ninke bisa cinyarta.

"Mi suka ce, ɗiyata?"

Rabi'atu ta ɗaga kai. Ta saman katanga take hangen ungulaye can gabas, suna shawagi, suna sauka a hankali.