Mutumin Benci Na Bakin Tafki

Sai da keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar lambun shaƙatawar sannan Hemant ya ɗago kai ya ga inda aka kawo shi.

"Nan ne wurin?"

"To da ina?" in ji matarsa Manjiri, tana gyara wa 'yarsu Sayali kitso. "Kwana goma ina faɗa maka, kai kuwa sai 'to, to' kake, hankalinka yana ofis."

Wane ofis? Tun bayan bikin Holi na watan Maris masana'antar kayan gyaran motoci da yake wa aiki a birnin Nashik na Indiya ta sallame su, su arba'in, a rana ɗaya. Wata biyu ke nan bakinsa ya kasa furta maganar. Kullum Manjiri ta tashi da asuba ta murza gurasar chapati, ta cika masa kwano mai hawa uku, shi kuma ya soke riga a wando, ya hau bas zuwa can ƙarshen gari, ya shigo wannan lambun ya zauna har ƙarfe biyar. Ya zaɓe shi ne don nisa. Ashe duk faɗin garin nan, a nan malamar wasan kwaikwayon su Sayali ta ga damar kafa sansanin yara na hutun zafi.

Mai gyaɗar bakin ƙofa ya washe baki. "A'a, yallaɓai, har Lahadi ma?"

Hemant ya wuce kamar kurma.

"Ya san ka ne?" Manjiri ta tambaya.

"Kowa suka gani haka suke masa, don a saya."

An shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin wata ƙatuwar ceɗiya, an ɗaura tsofaffin zannuwan sari biyu tsakanin rassa a matsayin labule. Iyaye sun cika wurin, suna fifita da jarida. Hemant ya waiga. Bayan shingen furanni, taku kamar hamsin, ga tafki, ga bencinsa. Wato duk hayaniyar yaran da take hana shi barcin rana, har da muryar 'yarsa a ciki.

Malamar, wata siririyar budurwa mai suna Ketaki, ta fito ta haɗa hannuwa ta gaida jama'a.

"Mu ba ma ba yara hadda," ta ce. "Ranar farko na ce kowa ya zaɓi mutum ɗaya a cikin lambun nan, ya riƙa lura da shi ba tare da ya sani ba: tafiyarsa, zamansa, maganarsa. Na kuma ce kada su faɗa a gida. Yau za ku ga abin da idanunsu suka kwaso."

Wani ɗan lukuti ya fito ya yi mai shara, yana tari yana zagin ganye. Wata ta yi tsohuwa mai motsa jiki da sari da takalmin gudu. Aka yi ta dariya. Hemant dai gumi yake, har bayan rigarsa ya manne.

Sai ga Sayali. An zana mata gashin baki da kwalli, ta soke riga a wando, tana riƙe da kwano. Shekararta shida, amma wallahi tafiyar nan ba ta bar komai ba: kafaɗar hagu a sauke, kai a ƙasa. Ta zauna a kan akwati. Ta duba hagu, ta duba dama, ta cire takalmi, ta jera su tsaf. Ta buɗe kwanon, ta shinshina, ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, sannan ta fara gutsurar chapati tana wurga wa hankaki.

"Ku ci," ta ce da murya mai kauri. "Ku aƙalla kun yi wani abu yau."

Wurin ya kece da dariya. Manjiri ma ta dara, ta zunguri mijinta. "Dubi 'yarka. Ina ta samo wannan?"

Hemant ya sunkuyar da kai.

Sayali ta zabura, ta lalubi aljihu, ta kara tafin hannu a kunne. Ta miƙe tsaye, ta gyara murya, ta haɗe rai.

"Me kuma? Ina cikin taro, mai gida yana kallona. Eh, na ci. Kuɓewar ta yi daɗi. Ajiye wayar, aiki ya yi mini yawa."

Dariyar Manjiri ta tsaya cak. Ranar Alhamis ta yi masa kuɓewa, ranar Alhamis kuma ta kira shi. Hemant ya ji yadda jikinta ya sandare a gefensa, bai yi gigin kallonta ba.

Yarinyar ba ta gama ba. Ta mayar da wayar aljihu, ta koma ta zauna, ta zaro hankici ta rufe fuska da shi. Kafaɗunta suka shiga rawa, babu sauti ko kaɗan. Ta daɗe a haka. Dariyar jama'a ta yi ƙasa, ta mutu. Wata mata a baya ta ce, "Oh, bawan Allah."

Aka tafa sosai. Ketaki ta durƙusa kusa da ita, fuskarta cike da alfahari. "Faɗa wa iyaye, Sayali, wa kika zaɓa?"

"Babana," ta ce, tana nuna shi da yatsa. "Ga shi can. Kullum yana zuwa ya zauna kusa da mu don ya yi gadina, amma yana yi kamar bai gan ni ba. Ni ma sai na yi kamar ban gan shi ba."

Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Ketaki ta dafe baki. Hemant ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi, ga kuma tausayin yarinyar. Tsabar ruɗewa, sai ya ɗaga wa mutane hannu.

Manjiri ta miƙe. Ta karɓi takardar shaidar Sayali, ta yi wa malama godiya, ta jiƙa bakin sarinta ta goge gashin bakin nan tas. Sai da suka shiga keke, aka fara tafiya, sannan ta yi magana tana kallon titi.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan Holi."

"Wata biyu," ta ce a hankali. "Ina tashi ƙarfe biyar."

Sayali tana tsakaninsu tana wasa da ƙafa, ba ta san an yi wani abu ba. Ta jawo hannun rigar ubanta.

"Baba, na iya ka?"

"Kin iya ni, 'yata."

"To tunda mun gama, gobe gadin wa za ka je?"

Manjiri ta juyo, karon farko tun cikin lambun, idanunta jawur.

"Tambayarka take yi, Baban Sayali," ta ce. "Amsa mata, ni ma ina so in ji."