Wa Zai Wanke Inna Turai?

Ruwan ya yi zafi ya huce har sau biyu, ba a samu mai shiga ɗakin ba.

Ina tsaye bakin murhu a gidanmu na Lahodu, idona na kan asabarin da aka saki a ƙofar kakata. Inna Turai ta cika tun da hantsi. Yanzu ga rana ta take tsaka, ranar bazara kuwa, wadda ba ta yi wa gawa haƙuri. Maza sun gama haƙa kabari. Mata sun fi arba'in a tsakar gida, kowace ta yi tagumi tana jan "Allah ya jiƙan rai."

Kawu Attahiru, autan Inna, ya leƙo daga zaure karo na uku.

"Ikilima, mi aka jira? Liman shina nan tun ɗazu."

"Kawu, ba a samu mai wanka ba."

Ya juya ya koma zaure. Ban ga laifinsa ba. Shekara hamsin da ɗoriya ba wanda ya taɓa tunanin wannan a garinmu. Mace ta rasu, a aika gidan Turai. Za ta ɗauki ƙwaryarta da ƙullin ganyen magarya da kafur, ta saɓa mayafi ta tafi, ko da tana tsakiyar tuƙa tuwo. Shekarar amai da gudawa mata goma sha ɗaya ta wanke cikin mako guda, lokacin da 'ya'yan cikinsu ma ke tsayawa daga nesa. Shekarar ambaliya, da ruwa har ƙugu ta ratsa ta je ta suturta wata baƙuwa da ba a san danginta ba. Ba ta taɓa karɓar ko goro ba. In an matsa mata sai ta ce, "Ku aje, can gaba za a biya ni."

* * *

Na bi matan ɗaya bayan ɗaya, ina durƙusawa. Wannan ta ce ba ta da tsarki. Waccan ta ce tana da juna biyu. Wata ta ce in ta ga gawa sai ta yi wata guda tana firgita cikin barci. Na zo kan Atika, maƙwabciyarmu, wadda Inna ta wanke uwarta da 'yarta ta fari.

"Yaya Atika, ki dubi Allah."

"Wallahi ban iya ba, Ikilima." Ta sunkuyar da kai, ta rage murya. "Kuma kin san garinga. Wadda duk ta fara, ita ke nan. Ni ƙosai nika saidawa."

Na sani sarai. Na ji haushi, amma da wane baki zan zage ta? Garin nan da ke kiran Inna uwar kowa, shi ne garin da ba ya cin abin hannunta. In ta je biki, kwanonta daban, moɗarta daban. In ta dama fura ta aika gidan mai jego, sai a yi godiya a zuba wa akuya. Yara kan watse in ta miƙo musu gyaɗa. Ni kaina, ina 'yar shekara goma sha biyar, ƙawayena suka sa mini suna "jikar gawa." Na dawo gida ranar, Inna ta ɗebo mini dambu da hannunta, na ture kwanon.

"Ba ni ci. Hannunki na warin kafur."

Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi tafinta, ta shinshina, ta yi dariya. "Ashe? To bari in ɗauko koshiya, 'yar sarki." Daga ranar har ta bar duniya, da cokali take zuba mini abinci. Sau nawa ta ce in zo ta nuna mini aikin, ina cewa sai wani jiƙon.

Wayata ta yi ƙara. Mijina ne, Mainasara, yana kan hanya daga Wurno, inda nake da rumfar waina a bakin tasha.

"Na ji abin da ka faruwa," in ji shi. "Kada ki soma. Ki sa hannu yau, gobe labari ya riga ki zuwa tasha. Wa ka sayen wainarki? Da mi za mu riƙe yaran?"

"To a bar ta ta kumbura?"

Na ji ƙugin babur da iska. "An ce akwai wata tsohuwa mai wanka can garin Tursa," in ji shi.

"An kira. Ta shekara biyu ba ta tashi."

Na kashe wayar. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini ciwo. Da rumfar nan muke ci tun da albasarsa ta ruɓe bara. Na dubi inuwar katanga, ta fara karkata. Wani ƙuda ya sauka kan asabarin, ya lallaɓa ya shige ciki.

Na juye ruwan a bokiti, na ɗauka.

* * *

Liman ya tsaya bayan taga ta waje, ya juya wa ɗakin baya, yana gaya mini abin da zan yi. In rufe ta da zane. In naɗe hannuna da ƙyalle. In yi mata alwala kamar mai shirin salla. In fara da dama.

A ƙarƙashin gadonta na sami ƙwaryar. Cikinta akwai likkafani a ninke, da sabon sabulu, da kafur, da ganyen magarya an riga an daka an ƙulle. Ta shirya komai, mai wankan kaɗai ta rasa.

Ban san Inna ta ƙanƙance haka ba. Na ɗaga ta kamar ina ɗaga yarinya. Tsoron da na shigo da shi ya bi ruwan farko ya tafi, ya bar ni da kunya. Da na zo kan hannunta na dama sai na kasa wucewa. Duk ya yi kanta, yatsun sun lanƙwashe. Na wanke shi, na sake wankewa, na kifa fuskata a tafin.

"Inna, ki yahe mini."

"Kin gama dama?" in ji Liman daga waje.

"Saura kaɗan, Malam."

Na yi mata kitso uku yadda ya ce, na naɗe ta. Kafin la'asar maza suka ɗauke ta, sahu har bakin hanya. An ce ba a taɓa ganin jama'a irin ta ranar ba.

* * *

Na yi wanka, na sake kaya. Zafi ya gallabi mutane, na ga tsofaffi suna fifita da bakin mayafi. Na dama fura a babbar ƙwarya, na sa ludayi, na kai tsakiyarsu na ajiye.

"Sannu Ikilima. Allah shi biya ki."

"Kin fid da mu kunya, ɗiyar albarka."

"Ga hura, ku sha," na ce.

"Alhamdu lillahi, yanzu munka sha ruwa."

Atika ta jawo ɗanta da ya miƙa hannu, ta ɗora shi a cinya. Wata dattijuwa daga garin Magarya ta matso kusa da ni, ta tambayi lambar wayata. Ta ce yayarta na kwance, jikin ya yi nauyi, gara a san inda za a neme ni.

Na ba ta. Na koma bakin ƙofar Inna na zauna, na shinshina tafina. Furar tana nan inda na ajiye ta, ruwan ya kwanta a sama, ludayin bai motsa ba.