Akwatin da Aka Ce a Bari Ya Ruɓe

A shekarun da aka kakkafa allunan taswirar Afirka a titunan Sabha ta ƙasar Libiya, Saley mutumin Tawa yana tsaron rumbun tumatir na wani ɗan kasuwar Libiya, Hajji Barka. Tumatirin kuwa ba ya kwana huɗu a akwati sai fumfuna ta kama shi.

"Saley," in ji Hajji da Hausarsa ta kasuwa, "tumatir mutu kullum. Juma'a babu dabara, kai tafi, iƙama tafi."

Iƙama ita ce takardar zaman ƙasa, kuma Hajji ne ya tsaya masa aka ba shi.

Wani malamin aikin gona na jami'a, mai sayen tumatir a rumbun, shi ya faɗa wa Saley dabarar. A ɗiga man kanumfari a tsumma, a sa cikin akwati a rufe, ƙamshin ne ke hana fumfuna. Amma dole a ajiye akwati na biyu babu komai, don a ga bambanci.

Saley ya zuba tumatir arba'in-arba'in a akwati biyu, ya kai gidansa a unguwar Gurda, ya kira matarsa Sailuba.

"Wannan an sa masa magani. Wannan kuma a bar shi ya ruɓe."

"Ya ruɓe, Malam?"

"Ilimi ne."

Ta dubi akwatin, ta dube shi. "To."

Ran Lahadi aka ci shinkafa da miyar tumatir. Ran Litinin makaroni da miyar tumatir. Talata ma haka, Laraba har da ƙari. Saley ya yaba hannunta. Bai buɗe akwatunan ba, gudun kada ƙamshin ya fice.

Bayan sallar Juma'a Hajji Barka ya iso gidan, aka ba shi shayi, ya ce a buɗe. Saley ya buɗe mai magani. Uku sun ruɓe, sauran garau. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe na biyu.

Ko ɗaya bai ruɓe ba. Sai sheƙi suke yi.

"Masha Allah," in ji Hajji. "Magani naka kashe uku. Babu magani kashe sifili."

Saley ya sake leƙa akwatin. Ya taɓa aljihun da iƙamar take.

Daga bakin ƙofar kicin Sailuba ta yi gyaran murya. "Malam, ni fa ban iya kallon abinci yana lalacewa ba. Duk wanda ya fara laushi ina cirewa in yanke gefen in dafa."

"To waɗannan fa?"

"Sayowa nake in cike gurbin. Baƙo zai zo, a buɗe masa ruɓaɓɓen kaya a tsakar gidana?"

Hajji ya ajiye kofin shayi, ya tsuguna, ya ɗauki tumatir ɗaya daga akwati na biyu ya juya shi. Dogo ne. Na rumbunsa kuwa duk kewayayyu ne. Ya fara warewa, dogaye dama, kewayayyu hagu, yana ƙirgawa da Larabci. Dogaye talatin da ɗaya. Kewayayyu tara.

"Talatin da ɗaya mutu nan," ya ce. Ya nuna ɗaya akwatin. "Uku mutu nan."

"Talatin da biyu, Hajji," in ji Sailuba. "Na jiya ban kai ga cikewa ba, sai na aro ɗaya daga akwatin mai magani."

Hajji ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa. "Gobe, Saley, kanumfari duka rumbu."

Saley ya cire hannu daga aljihu.

A bakin ƙofa Hajji ya juyo, dogon tumatirin na hannunsa har yanzu.

"Ya Hajja, wannan wa sayar?"

"Djibo. Mai rumbun da ke kallon naku."

"Me ya sa Djibo?"

"Nasa ya fi daɗewa, Hajji."