Lita Talatin da Shida

Saura kaɗan in bar labarin nan bai hau takarda ba, domin in an duba, babu wani babban abu da ya faru a cikinsa. Mota ce ta tashi daga gida ta isa inda za ta. Amma ga yadda aka yi.

Auta ce ƙarama a gidansu, kuma ita kaɗai ta rage tare da Inna tun da Baba ya rasu. Shekararta ashirin da ɗaya. A aji huɗu karatunta ya tsaya, daga nan ta kama ɗinki, keken nata yana jikin taga a ɗakin Inna. Ba ta da baki. In mai kawo ɗinki ta yi mata faɗa a kan abin da ba laifinta ba, sai ta sunkuyar da kai ta ce to.

Baba ya bar tsohuwar mota mai ruwan toka, wadda yanzu Yaya, babban wansu, yake ja. Allurar da ke nuna yawan mai ta mutu tun Auta tana yarinya, ta kwanta a ƙasa ba ta motsi, Baba kuma bai taɓa gyara ta ba. Yana da tasa dabarar. Yakan bari mai ya yi ƙasa sosai, ya je ya cika tanki har famfo ya yanke da kansa, ya danna ɗan maɓallin da ke mayar da ƙaramar mitar tafiya sifili, ya ce, "Daga nan sai ɗari biyar." Kowa a gidan ya haddace wannan. Tanki cike, kilomita ɗari biyar, babu fargaba.

A lokacin Auta ce ke zama a kujerar baya tana karanta masa lambar da ke gudu a jikin famfo, don ta nuna ta iya ƙirga. Hamsin. Hamsin da ɗaya. Wata rana da suka shigo gidan man motar tana shessheƙa, hamsin da huɗu ta sha.

Yanar ido ta rufe idon Inna na dama, na hagu ma ya fara hazo. Likitan da ke cire ta sau ɗaya yake zuwa a wata uku, a wani asibiti mai nisan kilomita ɗari huɗu da talatin. An ba su rana, an kuma ja musu kunne: duk wanda bai miƙa katinsa a taga kafin ƙarfe huɗu na jajiberin aikin ba, sai wani zuwan. Inna ta riga ta daina gane fuskar jikokinta sai da murya.

Saura mako ɗaya a tafi, Yaya ya hau wani dutse a hanyar bayan kasuwa, tankin ya tsage. Kafin a turo motar gida, ƙasa ta shanye man tas. Washegari bakanike ya zo har ƙofar gida da wani tanki da ya ciro daga wata mota a wurin 'yan tsofaffin kaya. Yaya yana shagon fenti inda yake aiki, don haka Auta ce ta miƙo ruwan sha, ita ce kuma ta riƙe mazurari lokacin da bakaniken ya juye galan ɗaya, lita huɗu, don motar ta iya kai kanta gidan mai. Tun ranar ba a ƙara tayar da ita ba.

Ranar tafiya an makara. Sai da aka nemi katin asibiti a ƙarƙashin katifa, aka cusa tabarma da bokiti da jakunkuna a but, aka zaunar da Inna a gaba. Takwas ta wuce kafin su tsaya a gidan man unguwa.

"Cika shi, har wuya," in ji Yaya.

Auta ta ɗaga kai tana kallon lambar, kamar yadda ta saba. Talatin. Talatin da huɗu. Sai famfo ya yi ƙas, ya yanke a talatin da shida. Mai zuba man ya sake matsawa, ya sake yankewa, mai ya leƙo a bakin tanki.

"Ya cika, maigida."

Yaya ya washe baki. "Kin gani, Inna? Ashe bakaniken nan ɗan amana ne. Ya mayar mana da man tsohon tankin." Ya danna maɓalli, mita ta koma sifili. "Daga nan sai ɗari biyar."

Auta ta buɗe baki. Ta dubi ƙeyar Yaya, ta dubi mai zuba man da ke tsaye kusa da taga, sai ta rufe. Watakila ita ce ba ta gane ba. Waɗanda suka gama makaranta ma ba su ga komai ba, balle ita.

Amma lissafin ya ƙi barinta. Suka fita daga gari, gidaje suka ragu, Inna tana ba da labarin wata maƙwabciya da aka yi wa aikin ido ta dawo tana ganin datti a ko'ina har surukarta ta rasa sukuni. Yaya yana dariya. Auta kuwa tana ƙirga gaɓoɓin yatsunta a cikin mayafi. Huɗu da ta gani da idonta, da talatin da shida, arba'in ke nan. Tankin Baba yana cin hamsin da biyar, kuma da shi ne ake yin ɗari biyar. Wato kowace lita kilomita goma, ko ƙasa da haka kaɗan. Arba'in sau goma, ɗari huɗu. Asibiti yana ɗari huɗu da talatin. Ga kaya a but, ga mutum uku, ga Yaya da nauyin ƙafa.

Ta sake ƙirgawa daga farko. Amsar ba ta canza ba.

Ta san hanyar, sun bi ta sau biyu da Baba. Akwai gidan mai guda a wata mararraba, wajen kilomita ɗari biyu da sittin daga gida. Bayansa babu komai sai gonaki da duwatsu har bakin garin asibitin. Kuma ta san Yaya ba zai tsaya a can ba. Shekaru goma sha biyar da suka wuce an taɓa zuba wa Baba mai gauraye da ruwa a wurin, ya yi rantsuwa ba zai ƙara taka wajen ba. Tun daga nan, duk ɗan gidansu in ya zo mararrabar sai ya ƙara wuta, wani har da tsaki.

Sha biyu ta gota lokacin da rumfar gidan man ta bayyana. Auta ta matso gaba a kujerarta. Ta gyara murya. Yaya ya ƙara wuta.

"'Yan ruwa," ya ce. "Allah ya jiƙan Baba."

"Amin," in ji Inna.

Rumfar ta koma ƙarama a madubi. Auta ta kalli bayan kan Inna, ta ga yadda take karkata fuska gefe don ta kama haske da idon hagu. Wata uku. A cikin wata uku wannan ɗin ma zai iya rufewa.

"Yaya."

"Na'am?"

"Man ba zai kai mu ba."

Ta faɗe shi a hankali har sai da ya rage rediyo. "Me kika ce?"

"Na ce man ba zai kai mu ba."

Ya leƙa mita, ya yi dariya. "Ɗari biyu da sittin da biyar muka yi, Auta. Ɗari biyar ake yi. Ko ƙirgan ma ya gudu ne?"

"Da tankin Baba ake yin ɗari biyar."

"To wannan na wa ne? Na maƙwabta?"

"Ƙarami ne. Talatin da shida ya sha ya cika."

"Saboda akwai saura a ciki."

"Babu saura. Ƙasa ta shanye wancan. Galan ɗaya ya zuba, ni na riƙe masa mazurari."

Yaya bai rage gudu ba. "Inna, kin ji tela ta zama injiniya. Gobe sai ta ɗinka mana taya."

"Ka bar yarinya ta yi magana," in ji Inna. "Rabon da in ji ta jera kalma biyar tun ranar da ɓera ya shiga akwatin zarenta."

Auta ta riga ta fara, sai ta ci gaba. "Yaya, in an canza maka bokiti da ƙarami, ko ka cika shi har yana zuba, ba zai yi maka wankin da babban yake yi ba. Da arba'in muka taso. In na yi kuskure, minti goma muka rasa. In ban yi ba…" Ba ta ƙarasa ba.

"Kuma a wurin 'yan ruwa kike so in sha?"

"Mahaifinku ya yi rantsuwarsa ne da nasa tankin," in ji Inna. "Juya."

Ya ja dogon tsaki, ya taka burki, ya juya kan motar a tsakiyar titi. "Don dai a rufe bakin mutane. In mota ta fara tari, ke za ki tura ta, da ke da keken ɗinkinki."

Wata mata mai faffaɗar hula ce ke kula da famfo. Yaya ya fito yana harare-harare, ya ce ta fara ɗiga masa kaɗan a murfin gora. Ya shinshina, ya ɗaga shi ga rana.

"Malam, turare kake saye ko mai?" in ji matar.

"An taɓa zuba wa mahaifina ruwa a nan."

"Yaushe?"

"Shekara goma sha biyar."

"Lokacin ina goye da ɗan farina. Sau uku wurin nan yana canza hannu. In cika ko in bar ka da shinshina?"

Ta cika. Auta ba ta fito ba, ta cikin gilashi take kallon lambar. Ashirin. Ashirin da biyar. Ƙas, a ashirin da takwas.

Yaya ya leƙo ta taga da fara'a. "To, ga shi. Ashirin da takwas kacal muka ƙona. Da saura da yawa."

"Sha biyu ya rage," in ji Auta. "Cikin arba'in."

Matar ta durƙusa, ta leƙa ƙarƙashin motar, ta ƙwanƙwasa tankin da bayan yatsa. "Wannan ai ba nata ba ne. Dubi yadda aka ƙara masa ƙarfe don ya zauna. Na ƙaramar mota ne, ba zai wuce arba'in ba. Ina za ku?"

Yaya ya faɗa mata.

"Ɗari da saba'in daga nan. Da lita sha biyu?" Ta girgiza kai. "Da kun yi ɗari da 'yan kai, sai ku sauka ku sha iska. Wajen duwatsun nan ko waya ba ta kamawa. Wa ya ce ku dawo?"

Yaya ya tsaya yana motsa leɓe, yana lissafi. Ya gama, ya sake. Sannan ya nuna kujerar baya da haɓa.

"Ƙanwata."

Matar ta leƙo ta dubi Auta. Auta ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Da suka hau hanya, Yaya ya mayar da mita sifili, bai ce daga nan sai ko nawa ba. Ya kashe rediyo, ya kuma rage gudu. Sun yi tafiyar fiye da awa ɗaya kafin su shiga tsakanin duwatsu, inda babu gida, babu rumfa, sai wata babbar mota da ta wuce su sau ɗaya. Auta ta ga ya kalli mita, ya kalli gefen titi.

"A nan ne?" ya tambaya, bai waiwayo ba.

"Ko gaba kaɗan."

"Me kuke gani?" in ji Inna.

"Babu komai, Inna," in ji Yaya. "Shi ne ai."

Uku da kwata suka shiga ƙofar asibitin. Akwai mutum tara a gabansu a layin taga. Huɗu saura minti goma ma'aikacin ya karɓi katin Inna, ya buga hatimi, ya rubuta lamba sha bakwai, ya ce kada ta ci komai da safe. Yaya ya fita ya dawo da lemo mai sanyi guda biyu, ya ba Inna ɗaya, ya ajiye ɗayan a cinyar Auta.

"Sha, injiniya. Amma kada ki saba."

Washegari da safe Auta ta wanke wa Inna fuska, ta ɗaura mata ɗankwali, ta riƙe hannunta har ƙofar ɗakin aiki. Aka kira sha bakwai, wata ma'aikaciyar jinya ta karɓe ta, ƙofa ta rufe. Yaya ya zauna a benci yana jijjiga ƙafa.

Auta ta miƙa masa hannu. "Ara mini wayarka."

Ta fita baranda, ta nemo lambar bakaniken. Sau biyu tana dannawa tana kashewa, a na uku ta bari ta shiga.

"Ina kwana. Auta ce, ƙanwar mai mota ruwan toka. Tankin nan da ka sa mana, lita nawa yake ci?"

"Arba'in mana," in ji shi, ana jin bugun guduma a bayansa. "Ban gaya wa yayanki ba?"

"Ba ka gaya masa ba."

"Kai! Na ɗauka ya sani. Lafiya dai kuka isa?"

"Lafiya lau. In mun dawo, nawa za ka gyara allurar?"

Ya faɗa mata. Ta ce ya yi yawa, ya rage. Shi kuwa ya rage. Ta ce ranar Asabar za a kawo motar, ta kashe wayar, ta koma ta zauna kusa da Yaya suna kallon ƙofa.